Hirar Iyali: Keke, Tsohon Layin Dogo Da Turbar Bakin Fadama

 

A watan jiya mun yi magana a kan hutawa, muka ce iyalin da ba su hutawa tare, a hankali za su zama baƙin juna a cikin gida ɗaya. Bayan haka wata uwa ta aiko mana da takarda daga Argungu. Ta ce ta yarda da maganar, amma maigida ya kan fita tun da asuba, yara kuwa in sun komo daga makaranta kowa ya sa kai a kan waya, ran Lahadi kuma daga sujada sai taro, daga taro sai gaisuwar marasa lafiya. Ta ƙara da cewa kuɗin mai ya hana su zuwa ko'ina. Tambayarta ita ce, "To, ina za mu, da me kuma za mu tafi?"

Mama, amsata tana jingine a bayan rumbu ko a cikin zaure a gidaje da yawa, tayarta ta sace, sarƙarta ta yi tsatsa. Ina nufin keke.

YADDA MUKA RENA KEKE

Kakanninmu su kan ce masa basukur, ba su kuwa rena shi ba. A zamaninsu saurayin da ya sayi Raleigh ya isa neman aure. Malamin makaranta a kan keke ya ke zuwa aiki, haka malamin asibiti da ɗan sakon hakimi. Ikkilisiyoyi da yawa na ƙauyukanmu, keken mai bishara ne ya fara taka turbarsu, da Littafi Mai Tsarki da tabarma ɗaure a kariya. Da babur ya zo, kabu-kabu ya cika gari, sai keke ya koma alamar rashi. Yau magidanci ya gwammace ya ci bashin mai da a gan shi yana tuƙa feda.

Tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023 ba a bukatar tuna wa kowa yadda kuɗin mota ya tashi. Duk da haka kunya ta hana mu komawa ga abin da ba ya shan mai. A ƙasar Holan kuwa, Mark Rutte, wanda ya riƙe kujerar Firayim Minista daga 2010 zuwa 2024, ya kan tafi ofis a kan keke, rawaninsa bai faɗi ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ma tun 2018 ta keɓe ran 3 ga Yuni ta zama ranar keke ta duniya.

Amma akwai wani dalili na gaskiya da ya sa iyaye su ke ɗari-ɗari, wato babban titi. Wanda ya ga yadda tirela da motocin haya su ke gudu tsakanin Birnin Kebbi da Ambursa ba zai so ɗansa mai shekara 9 ya hau keke a gefen kwalta ba. Wannan tsoro daidai ne. Iyayen waɗansu ƙasashe ma sun ji shi, ga kuma maganin da suka samo.

TSOHON LAYIN DOGO YA ZAMA TURBAR IYALI

A 1963 wani mutum mai suna Richard Beeching, shugaban hukumar jiragen ƙasa ta Ingila, ya ba da shawara a rufe layin dogo wajen mil 5,000 da tashoshi fiye da 2,000, gama motoci sun kwashe musu fasinja da kaya. Aka rufe da yawa, aka kwashe ƙarafa, hanyoyin suka zama kurmi da juji. A 1977 waɗansu mutanen birnin Biristol suka kafa ƙungiya, wadda daga baya aka san ta da suna Sustrans. Daga 1979 zuwa 1986 suka gyara tsohon layin da ke tsakanin Biristol da Bat, mil 13, yawancin aikin kuwa na gayya ne, da shebur da baro. Yau ma'aikata da 'yan makaranta da tsofaffi suna bin wannan turba a ƙafa ko a keke, babu mota ko ɗaya.

A Amurka an riga su farawa. A 1967 jihar Wiskonsin ta buɗe turbar keke mai mil 32 a kan tsohon layi tsakanin garuruwan Elroi da Sifata, tana ratsa ta cikin ramuka 3 da aka huda a ƙarƙashin tuddai saboda jirgi. A 1983 suka yi wata doka mai hikima: in an daina amfani da layi, ba lalle a yayyanka filin a sayar ba, sai a ajiye shi ɗungum ana hawan keke a kai, in wata rana an bukaci jirgi a mayar da ƙarafa. Ƙasar Sifen ta bi sahu a 1993.

Me ya sa tsohon layin dogo ya dace da keke haka? Dalilin yana ga ƙafar jirgi. Ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare shi, jirgi ba ya iya hawan tudu mai tsayi. Saboda haka masu gina layi su kan sare tudu, su cike kwari, har hanyar ta zama ba ta tashi fiye da ƙafa 1 ko 2 a cikin ƙafa 100. Kwana ma ba ta yin tsanani. Hanyar da aka shimfiɗa domin jirgi mai nauyi, ashe ita ce ta fi sauƙi ga ƙafar yaro da gwiwar tsoho.

TURBAR DA DAWAKI SUKA TAKA

Kafin jirgin ƙasa, Turawa sun haƙa manyan hanyoyin ruwa domin ɗaukar gawayin kwal da hatsi. Jiragen ba su da inji. Doki ko alfadari ne ke tafiya a bakin ruwa yana jan jirgin da igiya, doki guda kuwa ya kan ja tan 30 a kan ruwa, abin da ba zai ko motsa ba a kan amalanke. Domin dabbar nan aka yi turba a gefen kowace hanyar ruwa, da ya ke kuma ruwa a kwance ya ke, turbar ma a kwance ta ke.

Akwai irin wannan a Amurka, daga birnin Washinton zuwa Kambalan, mil 184 da rabi. Ambaliya ta kashe aikinta a 1924. Bayan shekaru aka ce za a mai da ita titin mota. Wani alƙalin Kotun Ƙoli, William O. Douglas, ya ƙi yarda. A 1954 ya gayyaci 'yan jaridar da suka goyi bayan titin su zo su taka turbar tare da shi, ya yi kwana 8 yana tafiya har ƙarshenta. Aka fasa titin. A 1971 gwamnati ta mai da wurin gandun shaƙatawa na ƙasa. Ku lura, alƙalin nan bai zagi kowa ba. Cewa ya yi, ku zo mu gani da ido.

TO, MU FA?

Gaskiya ɗaya ce, jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Birnin Kebbi ko Argungu ba. Layin da ya fi kusa da mu shi ne wanda ya tashi daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Tsohon layin da aka kashe gaba ɗaya a Arewa shi ne ƙaramin jirgin kuza na tsakanin Zariya da Jos, wanda faɗinsa ƙafa 2 da rabi ne kawai. An gama shi a 1914, aka rufe shi a 1957. Da a ce a lokacin an ajiye filinsa ɗungum, da yau 'ya'yan Zazzau da na Filato suna da turbar da za su yi alfahari da ita.

Amma Allah bai bar mu hannu wofi ba. Ya ba mu fadamar Gulbin Rima, shimfiɗaɗɗiya kamar faifai tun daga Argungu har Birnin Kebbi, tafiyar kilomita 50 da 'yan kai. Inda duk a ke noman rani akwai jinga, akwai magudanar ruwa, akwai kuma turbar da manoma su ke bi da jakuna da amalanke da kekunansu. Ita ce tamu turbar bakin ruwa, ba mu dai saba kallonta da wannan ido ba ne.

Tun 1969 aka tsara babban aikin ban ruwa na Zauro, a tsakanin garuruwan nan biyu, domin kadada fiye da 10,000. A 1982 aka yi gonar gwaji ta kadada 100, babban aikin kuwa ya sha jinkiri shekara da shekaru. Madatsar Goronyo, wadda aka gama a 1984, ita ke riƙe ruwan Rima tana sako shi da rani. A Bakolori kusa da Talatar Mafara, da Kadawa a ƙasar Kano, an gina manyan magudanai tun shekarun 1970, da hanyar ma'aikata a gefensu. Tun da aka ƙaddamar da shirin rance ga manoman shinkafa a nan Kebbi a watan Nuwamba na 2015, noman rani ya ƙara faɗi, turbobin fadama kuma suka ƙara yawa.

Ku yi tunanin safiyar Asabar a watan Disamba. Sanyi bai gama sakin jiki ba, hazo yana kwance a kan ruwa. Belbelu sun yi fari fat a bayan shanu, zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya, kirinjijiya suna wucewa da kukansu. Ga masunci a kwance bisa gora da homarsa, ga manoma suna dasa shinkafa, injin ban ruwa yana ta bugawa. Yaranmu da yawa sun ci tuwon shinkafa tun suna goye, amma ba su taɓa ganin yadda a ke dasa ta ba. Tafiya mabuɗin ilimi, ko da ta kilomita 5 ce.

Mutanen Argungu ma suna da ƙari. Ana iya somawa daga Gidan Tarihi na Kanta, wanda Sarkin Kabi Yakubu Nabame ya gina a 1831, ya zama fada har 1942, a gangara zuwa Matan Fada. A can uba sai ya ba yara labarin yadda bikin kamun kifi ya samo asali a 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, aka binne tsohuwar gabar da ke tsakanin Sakkwato da Kabi. Labarin sulhu ne, ya kuwa cancanci kunnen ɗan Kirista.

SHIRIN TAFIYA

Lokacin da ya fi kyau shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da bazara, Maris zuwa Mayu, zafin ƙasarmu ya kan wuce awo 40, sai dai a fita da asuba a komo kafin hantsi. Da damina kuwa ku bar fadama sam. Wanda ya ga ambaliyar 2020 ya san Rima ba ta sallama kafin ta shigo.

Tun ran Jumma'a maigida ya kai kekunan wurin mai gyara. A duba birki na gaba da na baya, a ɗaure kai da sirdi, a sa wa sarƙa mai, a ba taya iska. Sirdin yaro a daidaita shi yadda ƙafarsa za ta taɓa ƙasa. Ku tafi da famfo da faci da sholisho, gama tsidau da ƙaya ba su san baƙo ba. Ku koya wa yara yin faci, maza da mata. Yaron da ya iya nemo huji a cikin kwanon ruwa ya koyi haƙurin da ba a koyarwa a aji.

Ruwan sha daga gida, kowa da gorarsa. Guzuri ba sai mai tsada ba: ƙosai, dambu, gyaɗa, dabino, ko rake a hanya. Hula ko malfa saboda rana, takalmi mai rufe ƙafa saboda maciji. Wanda ya sami hular kwano ta keke, ya sa wa yaro. In an ɗauki ƙarami a kariya, a lura ƙwarai kada ƙafarsa ta shiga cikin taya. Tafiyar fari kada ta wuce kilomita 3 zuwa, 3 komowa. Uba a baya, uwa ko babban wa a gaba, gudun ayari kuwa gudun autan gida ne. Sannu ba ta hana zuwa.

In babu keken da zai ishi kowa, gida biyu su haɗa, ko a yi aro, ko a riƙa karɓa-karɓa. 'Yan'uwa mata, wannan magana har da ku. Zane da wando a ciki ya isa sutura, lafiyar uwa kuwa ita ce lafiyar gida. Masana na Hukumar Lafiya ta Duniya sun ce babba yana bukatar motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, yaro kuwa minti 60 kowace rana. Hawan jini da ciwon sukari sun yi yawa a cikin jama'armu, rigakafi kuwa ya fi magani.

ABUBUWA UKU DA BA A WASA DA SU

Na fari, ruwa. Kada yaro ya shiga magudana ko tafki domin wanka, kome zafi. Bakin magudana santsi gare shi, ruwan kuma ya fi yadda ido ke gani ƙarfi. Banda nutsewa akwai tsargiya. Ƙwayar cutar tana girma a jikin ƙananan katantanwa na ruwa mai kwanciya, ta fito ta huda fatar mai wanka ba tare da ya ji ba. In kun ga jini a fitsarin yaro, ku kai shi asibiti. Akwai magani, ba kuwa alamar balaga ba ce kamar yadda waɗansu ke faɗi.

Na biyu, tsaro. Mun san halin da a ke ciki. A watan Nuwamba na 2024 'yan bindiga sun kai hari garin Mera a ƙasar Augie, aka rasa rayuka. Saboda haka ku tsaya kusa da gari, inda manoma su ke aiki. Ku tafi cikin jama'a, da rana, ku faɗa wa wani inda za ku da lokacin komowarku. Ku tambayi mutanen wurin tukuna. In sun ce a dakata, a dakata.

Na uku, ladabi. Turbar fadama ba tamu ba ce, wurin neman abincin waɗansu ne. Ku gai da mai unguwa ko sarkin noma, ku faɗi abin da ya kawo ku. Mai jaki da mai kaya a ka da makiyayi da garkensa su ne da hanya, ku sauka ku ba su wuri. Kada a hau kan ƙaramar jinga mai laushi, gama in ta karye ruwan mutum na kwana biyu ya zube. Kada yaro ya tsinki tumatir ko albasar wani, in ana so a saya. Kada a bar leda ko ɗaya. Yawancin waɗanda za ku tarar maƙwabtanmu Musulmi ne. In sun tsaya salla a bakin turba, ku yi shiru ku kewaya ta baya. Abin da za su sani game da Almasihu a ranan nan, a gaisuwarku da halin 'ya'yanku za su karanta shi.

ABIN DA ZA MU IYA ROƘA

Darasin Biristol da na alƙalin nan shi ne, turba ba ta faɗowa daga sama. Mutane ne su ke ganin amfaninta tun ba a rasa ta ba. Duk sa'ad da hukuma za ta gina jinga ko magudana, dole ta bar hanyar ma'aikata a gefe. Abin da ya rage kaɗan ne: a zuba mata marmara, a dasa darbejiya ko mangwaro nesa kaɗan da jingar domin inuwa, a hana manyan motoci, a sa ƙarfen kariya a kan ƙananan gadoji. Manomi zai fitar da buhunsa da sauƙi, 'yar makaranta ta tsira daga kwalta, iyali kuma su sami wurin shan iska.

'Yan'uwanmu da ke aiki a ma'aikatun gona da na ruwa da ƙananan hukumomi, ku ɗauki maganan nan zuwa teburinku. Matasan ikkilisiya da Zumuntar Mata, ku nemi matasan unguwa, Kirista da Musulmi, ku yi gayyar cike ramuka a turba ɗaya kafin a fara noman rani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A KAN HANYA A KE KOYARWA

Ku buɗe Markus sura 6. Almajirai sun komo daga aiki, jama'a ta yi yawa har ba su sami zarafin cin abinci ba, Ubangiji da kansa ya janye su zuwa wurin da babu hayaniya. Wanda ya fi mu sanin gaggawar bishara bai ɗauki hutawa zunubi ba. A Maimaitawar Shari'a sura 6, cikin wuraren da aka umarci iyaye su koyar da 'ya'yansu har da kan hanya. A Luka sura 24 kuma, a kan turbar Imuwasu ne mutum biyu masu baƙin ciki suka buɗe zuciyarsu ga Baƙon da ya bi su.

Iyaye, akwai maganar da ɗanku ba zai faɗa muku a tsakar gida ba, yana tsaye kuna zaune kamar a gaban alƙali. Amma in kuna tafe kafaɗa da kafaɗa, ko kun tsuguna tare kuna faci a gindin itace, sai ku ji ta fito da kanta. Shekarun da yaro zai so ya bi ku kaɗan ne. In sun wuce, ko kun sayi mota ba za ku komo da su ba.

Saboda haka, Mama ta Argungu, da ku duka, ku fito da keken nan a wanke shi. Ku zaɓi Asabar ɗaya a wata. In kun kai inda za ku juyo, ku zauna a inuwa ku ci guzuri, ku karanta Zabura ta 104, ku bar autan gida ya yi addu'ar godiya. Ku rubuto mana abin da kuka gani, da abin da yara suka tambaya.

A wata mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu, za mu yi hira a kan bashi da adashi a gidan Kirista. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.

Naku cikin Almasihu,
Kawu